Gidan Gonin Gora da Ka Riga Ka Sallama

Makera, Kaduna.

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Hauwa da yaran. Allah ya tsare maka hanyar Fatakwal, ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin abokai. Addu'a haƙƙinka ce a kaina, shi ya sa na fara da ita. Abin da ya biyo bayanta ba zai yi maka daɗi ba, kuma ban zauna na rubuta shi don ya yi maka daɗi ba.

Takarda na zaɓa domin a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana. Ina farawa sai ka ce, "Mama, harkar gidaje yanzu ta canja, ba za ki gane ba." In na matsa sai ka ce ana kiranka a ɗaya layin. To wannan ba ta da ɗaya layi. Ka sami wuri ka zauna, ka karanta ta har ƙarshe.

Jiya da hantsi matar Malam Bulus ta zo gidan nan tun daga Gonin Gora. Na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a bakin tabarma. Na kawo ruwa, ba ta taɓa ba. Shekara goma sha shida suna haya a gidan babanka. Matar da in ta shigo nan har madafa take bi na tana tsokanata wai miyata ba ta jin gishiri, jiya ta zauna kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Ta ce, "Mama, ni ba ƙara na kawo ba. Na zo in tambaya ne ko mun yi wa Abba wani laifi da ba mu sani ba."

Ga abin da ta faɗa mini. Bayan ta tafi na kira Kawunka Isa, ya ce haka aka yi, bai rage ko ɗaya ba.

Ka sa gidan a kasuwa tunda rabonka ne na gado, kuma za ka bar gari. Ban hana ka ba. Malam Bulus ya ce yana so, tunda an kusa biyansa kuɗinsa na ajiye aiki. Kuka zauna a ƙofar gidan, da Kawunka da wakilin mai unguwa. Ka yanka miliyan goma sha huɗu, ya taya goma sha ɗaya, ka ce albarka, aka ja aka ja har aka tsaya a goma sha biyu. Da bakinka ka ce, "Na sallama." Kuka yi musabaha. Nan take ya tura maka miliyan biyu kafin alƙalami, har ka nuna wa Kawunka saƙon banki a wayarka, ragowar kuma sai ƙarshen wata. Wakilin mai unguwa ya yi addu'a, kowa ya ce amin.

Bayan kwana shida wani dillali ya zo maka da labarin wani mutumin Abuja da zai ba da goma sha biyar, ya rushe gidan ya jera shaguna tunda kusa da titi yake. Sai ka tura wa Malam Bulus saƙo a waya, ko takawa ba ka yi ba, wai ya cika goma sha biyar ko ya karɓi kuɗinsa. Da ya kira ka yana ba ka haƙuri, sai ka ce masa ai akwai ma na uku da ya taya goma sha shida, alfarma kake yi masa. Daga nan ka daina ɗaga wayarsa.

Abba, ni na haife ka kuwa? Dattijon da ya zauna kwana uku a kan benci a ƙofar gidan nan lokacin rasuwar babanka, yana karɓar gaisuwa tare da kawunnanka, shi kake tura wa saƙo kamar kamfanin waya?

Na tambayi Kawunka ko ya ga wannan na ukun, ya ce bai gan shi ba. Ban ma buƙaci tambaya ba. Na san babu shi, domin ni ma na taɓa ƙirƙiro irinsa da bakina. Ban taɓa ba ka wannan labarin ba saboda kunya. Yau zan ba ka, tunda na ga kana taka sawuna ɗaya bayan ɗaya.

Kana aji uku a firamare lokacin. Za ka iya tuna gidanmu na Trikania, ɗaki uku da zaure, wanda na gada daga mahaifina. Nawa ne, ba na babanka ba, shi ya sa maganar sayarwa ta zama a hannuna. Lokacin ne mutane ke ta ƙaura bayan rikicin da aka yi a Kaduna, wannan ya haye kogi ya tafi, wancan ya hayo ya zo, gidaje na ta canja hannu. Mu ba mu haye ba, amma mun sami wannan gida na Makera kusa da masaƙar da babanka ke aiki. Mai shi ya ba mu wata guda mu kawo kuɗi, in ba haka ba ya ba wani. Sai na ce a sayar da na Trikania a haɗa da abin da babanka ya tara.

Katangarmu ɗaya da Maman Rahila, mutuniyar Filato, mai sayar da dankali a kasuwar Kakuri. Rijiya ɗaya muke ɗiba. A cikin gidanmu take, amma an huda 'yar ƙofa a katanga don ta riƙa shigowa. Ita ce ta riƙe ni ranar da naƙudar ƙanwarka ta taso babanka yana wurin aiki. Da ta ji zan sayar, ta shigo da gugarta a hannu ta ce, "Maman Abba, kada ki kai gidan nan kasuwa. Yarana sun girma, ɗaki biyu ya yi mana kaɗan. Ki bar mini shi in haɗa da nawa."

Washegari aka zauna a zaure: ni da babanka, ita da mijinta, da mai unguwa. Na ce dubu ɗari tara, ta taya ɗari bakwai, mai unguwa ya raba mana a ɗari takwas. Na ji nauyin in tsaya ja-in-ja da maƙwabciya a gaban maza, na ce na sallama. Ta ciro dubu ɗari a cikin baƙar leda ta ajiye kafin alƙalami. Ragowar sai sati uku, in ta kwashi adashe, mijinta kuma ya sayar da gonarsa ta gida.

Kuskurena na farko ke nan, kuma shi ne naka. Ban tambayi kowa nawa gidaje ke yi a layin ba. Ban bari wani ya taya ba. Mutum na farko, zama na farko, na sallama, sannan na koma ɗaki ina cizon yatsa. Ka saurara da kyau, don ba cewa nake yi neman riba haramun ne ba. Kafin ka sallama, kayanka ne. Ka ji tayin mutum goma in ka ga dama. Ka faɗa wa kowa a fili, "Ba kai kaɗai ba ne, ina jin tayi har rana kaza, ranar zan yanke." Wanda tayinsa bai yi maka ba ka ce masa albarka, babu mai zarginka. Da ka ce wa Malam Bulus, "Baba, ba ni sati biyu in ji kasuwa," da ya ba ka, kuma da mutumin Abuja ya zo a cikin satin biyun nan, da ni da kaina zan ce ka saurare shi. Ba ka yi ba. Sauri kake, kana son ka ga saƙon banki. To lokacin jin kasuwa ya wuce tun sa'ad da hannunka ya shiga cikin nasa.

Kwana huɗu da yin ciniki sai ga Ɗanjuma dillali, hula a karkace, yana kaɗa tarin makullai. Ya tsuguna a zaure yana salati kamar an yi mutuwa. "Hajiya, an cuce ki! Wallahi an cuce ki da rana tsaka!" Hajiya yake ce mini, ni da ko filin jirgi ban taɓa takawa ba a lokacin, kuma sunan ya yi mini daɗi, ka ji wauta. Ya ce akwai wani Alhaji mai siminti da ke neman wuri a layin, miliyan ɗaya zai ajiye ko ƙifta ido ba zai yi ba. Na ce ai na riga na sallama. Ya ce, "Kin sa hannu a takarda? To magana ce kawai ta baki, Hajiya." Ina da tabbacin naka dillalin ma abin da ya faɗa maka ke nan, don duk makaranta ɗaya suka yi.

Sai ya sassauta murya ya ce, "Tsakanina da ke babu ɓoye-ɓoye. Nawa ne ƙarshen abin da za ki iya karɓa, kuma yaushe kike son kuɗin?" Na buɗe baki na zazzage masa komai. Na gaya masa gidan Makera, da wa'adin wata guda, da kwanakin da suka rage, da cewa in dai kuɗin bai gaza ɗari bakwai ba zan lallaɓa. Da babanka ya dawo daga aiki na ba shi labari ina murna. Ya dube ni ya ce, "Kin gaya masa ƙarshen kuɗinki, kin gaya masa ranar da za ki matsu. Me ya rage, makullin akwatinki?" Ya ce, "Maman Abba, an riga an yi ciniki. Ki rabu da mutumin nan." Na ce gidan ubana ne. Ya ce, "Haka ne," ya ɗauki butarsa ya fita. Bai sake sa baki ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yi mini gori ba. Wallahi da ya yi gorin da ya fi mini sauƙi.

Dillali ba ɗan'uwanka ba ne, Abba. La'ada yake ci, kuma la'ada ba ta fitowa sai gida ya bi ta hannunsa. Cinikinka da Malam Bulus babu dillali a ciki, babu abin da zai samu, shi ya sa ya zame masa dole ya wargaza shi. Ka gaya masa ranar Asabar za ka bar gari? Na san ka gaya masa, don tun kana ƙarami magana ba ta kwana a cikinka. To duk abin da ya sani, mutumin Abuja ya sani. Mai sayen da ya san ranar tafiyarka ba ya gaggawa. Zama zai yi ya jira ka ɗaure kaya.

Na shiga ta 'yar ƙofar nan na sami Maman Rahila tana tsince ruɓaɓɓen dankali daga buhu. Na ce mata an taya gidan miliyan ɗaya. Ta ɗago kai ta ce, "Wane gidan? Wanda na saya?" Na ce ai ba a yi takarda ba. Maganar Ɗanjuma ce ke fitowa ta bakina. Sai ta ce in ba ta kwana biyu. Ta je ta sayar da injin niƙanta, wanda da shi take riƙe makarantar yara, ta dawo ta ce ta ƙara dubu hamsin, iyakar ƙarfinta ke nan.

Mai kunya a nan zai tsaya. Ni kuwa da na ga ta motsa, sai na ce a raina ashe da sauran wuri. Na ce mata wani soja ya taya miliyan ɗaya da dubu ɗari. Babu wani soja. A tsaye a tsakar gidanta na haife shi, har da cewa ya zo da kaki ya zagaya gidan. Na kuma aika wa Ɗanjuma labarin sojan, wai don Alhaji ya ji tsoro ya ƙara.

Ka ji fa, dillalin da ya san kowace kaza a Trikania, shi zan yi wa ƙaryar mai saye. Da yamma ya dawo yana washe baki. "Madalla, Hajiya! Alhaji ya ce ya biya abin da sojan ya taya. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba ya shiga ciniki da kuɗin wani a ciki. Ki mayar wa matar nan nata tukuna." Ban nemi ko sisin kwabo na kafin alƙalami ba. Ko fuskar Alhajin ban gani ba. Kuɗi na hannuna, shaidu na da rai, na ɗauki duka na musanya da maganar mai kaɗa makullai.

Kada ka ce jahilci ne. Na yi sakandare, na yi Islamiyya. An karantar da mu cewa ba a ciniki a kan cinikin wani, kuma ba a zuga mai saye da tayin ƙarya. Na san wannan sarai ranar da nake tsaye a tsakar gidan matar nan. Kwaɗayi ne, ba shi da wani suna. Kai ma ka sani, don ni na biya maka kuɗin Islamiyya, kuma ban biya don ka haddace ka ajiye a masallaci ba. Ƙaryar mai taya na uku da ka yi wa Malam Bulus, ka janye ta da bakinka. Ka ce masa, "Baba, babu shi, ni na ƙirƙira." Zai yi maka ɗaci minti ɗaya, ba zai kashe ka ba.

Na ɗauki ledar kuɗinta yadda ta kawo ta na kai mata. Ba ta ko buɗe ba. Ta ɗora a kan buhun dankali ta ce, "Maman Abba, da tun farko kin ce kuɗin bai yi miki ba, da na ce Allah ya kawo miki mai saye, mu ci gaba da zamanmu. Amma na riga na nuna wa Rahila ɗakin da zai zama nata. Na sayar da injina." Na ce ai kasuwa ce. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Da gari ya waye na tarar an toshe 'yar ƙofar da tsohon kwano ta ɓangarenta. Ta gwammace ta sayi ruwa wurin 'yan garuwa da ta sake taka tsakar gidana.

Alhaji kuwa shiru. Yau Ɗanjuma ya ce ya tafi Legas, gobe ya ce motarsa ta lalace a hanya, jibi ya ce surukarsa ba lafiya. Sai da ya rage kwana biyar wa'adin gidan Makera ya cika, sannan Alhajin ya bayyana, shi da Ɗanjuma da wani magini. Ko zama bai yi ba. Maginin ya riƙa ƙwanƙwasa bango yana girgiza kai. "Alhaji, ginin ƙasa ne aka yi wa shafe." Ya leƙa rijiya ya ce ta yi kusa da tushe. Alhaji ya nemi takarda, na miƙa masa ta mai unguwa, ya juya ta gaba da baya ya ce shi ya ɗauka ta gwamnati ce. Sannan ya ce, "Dubu ɗari shida da hamsin."

Na ce, "Alhaji, ina miliyan ɗaya da dubu ɗarin?"

Ya ce, "Baiwar Allah, na taɓa magana da ke?"

Gaskiyarsa, bai taɓa ba. Na juya wurin Ɗanjuma, ya gyara hularsa ya ce, "Hajiya, ko a kira sojan ne?"

Har yau ban manta da wannan tambayar ba.

Na sa mayafi na zagaya ta titi, tunda ƙofar ciki a toshe take, na je na durƙusa wa Maman Rahila. Na ce ta kawo ɗari takwas ɗin, ko ma ta rage hamsin. Ta ce, "Ba na sayen gida ɗaya sau biyu. In kin sallama mini yau, gobe wani ya zo da hula a karkace fa?" Na tashi na koma gida.

Na sayar wa Alhaji a ɗari bakwai cif, wato abin da na faɗa wa Ɗanjuma da bakina tun ranar farko. Ɗanjuma ya cire la'adarsa, daga baya na ji ya karɓa a wurin Alhaji ma. Sai da na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnena na zinariya kafin kuɗin gidan nan ya cika. Ɗakin da ka girma a ciki, haka aka same shi.

Amma ba asarar kuɗin ce ke hana ni sukuni ba. Alhaji ya rushe gidan ya yi sito, ya cike rijiyar. Manyan motoci suka riƙa tsayawa a ƙofar Maman Rahila, siminti na sauka a kan shanyarta da abincin yaranta. Bayan shekaru na gan ta a kasuwar Kakuri. Na tsaya a gaban teburinta na ce, "Maman Rahila." Ta dube ni ta ce, "Sannu Madam, na nawa za a ba ki?" Na sayi dankalin da ba na buƙata na wuce. Na riƙa cewa zan koma in nemi gafararta yadda ya kamata, gobe, jibi, bayan salla. Har na ji ta koma garinsu, har na ji ta rasu. Na je Makka na roƙi Allah a kan abubuwa da yawa, amma malamai sun gaya mana haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Mai shi kuwa ba ta nan.

Yanzu ka amsa mini, kai da ka ce ban gane harka ba. Mutumin nan na Abuja, ka taɓa ganinsa ido da ido? Ka ji goma sha biyar daga bakinsa, ko daga bakin dillali? Ya ajiye maka nawa? Ya ga takardun gidan? Ya kawo magininsa, ko sai ka mayar wa Malam Bulus kuɗinsa tukuna? Ina jin ma an riga an kafa maka wannan sharaɗin. Tayi ba lamba ce kawai ba. Goma sha biyu daga mutumin da ka san ƙofarsa, ka san matarsa, kuɗinsa na cikin asusunka, ba ɗaya ba ne da goma sha biyar daga murya a waya. Kana Fatakwal za a kira ka a ce an gano gidan ya shiga iyakar titi, ko lauya ya ga matsala a takarda, sai goma. Daga can za ka riƙa zuwa kana ciniki? Da wane hutun?

To amma kada ka ɗauka hujjata ke nan kawai. Mu ƙaddara mutumin Abuja na gaskiya ne. Mu ƙaddara gobe zai zo da goma sha biyar cif, bai rage ko kwabo ba. Ban yarda ba duk da haka. Gidan ba naka ba ne da za ka sayar, ka riga ka sayar. Na san miliyan uku ba wasa ba ce. Na san haya a Fatakwal da tsada, ga yara za su canja makaranta. Ba a cikin daji nake ba, ina zuwa kasuwa. Amma wannan ukun ba riba ba ce, maganarka ce ka sa a kasuwa, kuma in ka sayar da ita sau ɗaya kowa ya san farashinta. Kawunka Isa da ka sa ya zama shaida, da wace fuska zai sake zama a gaban mai unguwa?

Na ji ka ce wa Kawunka za ka mayar wa Malam Bulus kuɗinsa har da ɗan ƙari na ban haƙuri. Ya yi me da shi? Matarsa ta gaya mini akwai fili a unguwar Romi da wani ɗan cocinsu ya riƙe masa wata biyu. Ranar da ka sallama masa ya je ya ce a ba wani, an kuwa bayar. Yanzu ba fili, ba gida, ga mai rushewa na tafe, shi kuma ya haura sittin. Ɗan ƙarinka zai sama masa inda zai sa gadonsa?

Abu ɗaya ne zai warware wannan ciniki. In ƙarshen wata ya yi Malam Bulus bai cika ba, a zauna a gaban shaidun da aka ƙulla, a tambaye shi. In ya ce ya kasa, a mayar masa da nasa cikin mutunci, a ba shi lokacin neman wuri, sannan ka ji tayin duk wanda ka so. Ko kuwa shi da kansa, ba da matsi ba, ya ce ya fasa. Ban da wannan babu.

Kuma tunda za ka yi nisa da ni, ka riƙe wannan don gaba, domin in Allah ya ba ka rai za ka sake sayar da wani abu. In masu taya sun yi yawa, kada ka ɗauki sunan wannan da kuɗinsa ka kai wa wancan kamar mai haɗa zakaru faɗa. Ka ce wa kowa ya kawo ƙarshen abin da zai iya, da ranar da zai biya. In za ka mayar da tayi, ka faɗi kuɗin da in an ce an biya za ka iya sallamawa ba da cizon yatsa ba, kuma mutum ɗaya za ka mayar wa a lokaci guda, kada biyu su amsa ka rasa na kora. Matsuwarka ta tsaya a cikinka. In kun daidaita, a rubuta a ranar, da shaidu da lauya, kada a bar ƙofar da wani zai ce magana ce ta baki. Bayan nan duk wanda ya kira, ko nawa ya ambata, amsarka ɗaya ce: an sayar. Za ka ji zafi in an ambaci abin da ya fi naka. Ka ji zafin ka haɗiye, kowa ma haka yake yi.

Ga abin da na yanke. Takardun gidan na asali suna wurina tun rasuwar babanka. Ranar Alhamis bayan la'asar zan ɗauke su, ni da Kawunka Isa, mu je gidan mai unguwa a Gonin Gora. Na gaya wa matar Malam Bulus su zo. In ka zo, za a rubuta yarjejeniya a kan goma sha biyu, ka sa hannu, ka ba dattijon nan haƙuri a gaban mutanen da suka ji ka sallama, takardun su zauna wurin Kawunka har ya cika. Daga nan mu dawo gida tare in dafa maka abin tafiya.

In ba ka zo ba, ba zan riƙe maka takardu ba. Gadonka ne, shari'a ta ba ka, zan bar su wurin Kawunka ka aiko a karɓa. Ba kuma zan yi maka baki ba, ban taɓa yi ba. Amma ni zan durƙusa a gaban Malam Bulus da matarsa, da tsufana da ciwon gwiwata, a gaban mai unguwa da duk wanda ke wurin, in nemi gafararsu tun suna da rai, in ce laifina ne, ni na yi tarbiyyar. Kuma kada ka turo mini ko kwabo daga kuɗin gidan nan, ko na magani, ko na salla. In ka turo zan mayar.

Ka zaɓi wanda zai durƙusa ranar Alhamis, kai ko ni.

Ka gaishe mini da Hauwa, ka shafa mini kan yaran. Allah ya shirye ka, ya sanyaya maka zuciya, ya tsare ka a hanya da masauki. Allah ya sa ka bar Kaduna babu mai ɗaga hannu yana kai ƙararka a bayanka. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka.